Gudu Yana Riga Ƙashi Ƙosawa: Raunin Wuyan Hannu a Matasan Karnukan Farauta

Idan aka ɗauki hoton karen farauta yana tsakiyar gudu, aka tsayar da hoton daidai lokacin da ƙafarsa ta gaba ta dira ƙasa, abin da ido zai gani yana da ban tsoro. Gaɓar nan da ke tsakiyar ƙafar, wadda yawancin mutane ke kira gwiwa, takan lanƙwashe ta baya har ta kusa kwanciya a ƙasa. Wani ɗan tudun nama mai tauri da ke bayanta, wanda ba ya taɓa ƙasa idan kare yana tafiyarsa ta yau da kullum, sai ga shi ya dangwali turɓaya, ɗan farcen gefen nan da ake ganin ba shi da amfani shi ma ya kafe a ƙasa. Cikin ƙiftawar ido gaɓar ta miƙe, ta wurga karen gaba, sannan ta sake dira. Wannan gaɓa ba gwiwa ba ce. Ita ce daidai da wuyan hannun ɗan Adam, kuma a jikin kare mai gudu babu wurin da ake ɗora wa aiki mai yawa a kan ƙasusuwa ƙanana kamarta. Shi ya sa duk inda ake farauta da irin waɗannan karnuka, daga gonakin Ailan zuwa hamadar Larabawa, za ka tarar da labari iri ɗaya: kwikwiyo mai kyau, wanda kowa ya sa wa rai, ya fita kakarsa ta farko ya dawo yana ɗingishi, daga nan kuma bai sake komawa yadda yake ba.

Karnukan da ake magana a kansu su ne masu farauta da ido da gudu, waɗanda ba su dogara da sunsuna sawu ba. Cikinsu akwai Greyhound na Ingila da ƙaramin ɗan'uwansa Whippet, da Saluƙi na ƙasashen Larabawa da Iran, da Sulugi na Maroko da Aljeriya, da Galgo na Sifen, da kuma ruwa-biyun nan da mafarautan Birtaniya da Ailan ke kira Lurcher, wanda ake samu idan aka haɗa kare mai gudu da karen kiwo ko wani irin mai juriya. Mu ma muna da namu a ciki, domin karen Azawak, siririn nan mai dogayen ƙafafu da Buzaye ke kiwo a kwarin Azawak tsakanin Nijar da Mali, ɗan wannan dangi ne, kuma nauyinsa bai cika wuce kilo 15 zuwa 25 ba duk da tsayinsa. Dukansu ƙirarsu ɗaya: faffaɗan ƙirji, shafaffen ciki, baya mai lanƙwasa kamar baka, da ƙafafu sirara. Greyhound yakan kai kusan kilomita 70 a awa ɗaya. Masu irin waɗannan karnuka sukan ɗora laifin raunin wuyan hannu a kan tsautsayi, ko su ce jinin karen ne ba shi da kyau. Hujjojin da likitocin dabbobi suka tara suna nuna wani wajen dabam. Mafi yawan wannan rauni a matashin kare daga gaggawar mai shi yake fitowa, kuma gaggawar sau biyu ce: ana saka kare aiki kafin gaɓarsa ta ƙosa, sannan idan ya ji ciwo ana mayar da shi daji kafin ta warke.

Sai an san yadda gaɓar take kafin a gane dalili. Ƙananan ƙasusuwa bakwai ne a wuyan hannun kare, jere a sahu biyu, uku a sama huɗu a ƙasa, an ɗaure su da jijiyoyi gajeru masu yawa. Babu wata tsoka mai kauri da ta lulluɓe su. Abin da ke hana gaɓar karyewa ta baya idan nauyi ya hau kanta shi ne wani faifan guringuntsi mai tauri da jijiyoyin da ke ta ɓangaren tafin ƙafa, sai kuma wani ƙashi guda da ya fito ta baya kamar ƙugiya, wanda babbar jijiyar tsokar damtse ke kamawa ta sama, wasu jijiyoyi biyu kuma suka ja shi ta ƙasa. Wannan ƙashi na baya kullum cikin ja-in-ja yake. Kare ko a tsaye yake, ƙafafunsa na gaba ne ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. A guje kuwa, akwai lokacin da jikin gaba ɗaya yake a iska sannan ya sauko a kan ƙafar gaba guda ɗaya, ita ce za ta karɓi faɗuwar, ita ce birki, ita ce kuma sitiyari.

Wurin juyi ne abin ya fi tsanani, kuma farautar zomo kusan duk juyi ce, tunda zomo ba shi da makami sai zilliya. A shekarar 2005 wasu masana biyu na Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan, Jim Usherwood da Alan Wilson, sun wallafa wani bincike a mujallar Nature a kan yadda Greyhound ke shan kwana a filin tsere. Ɗan Adam idan yana gudu ya zo kwana dole ya rage, domin ƙafarsa ba za ta iya ɗaukar ƙarin nauyin ba. Sai suka ga shi Greyhound ba ya ragewa ko kaɗan: yana shiga kwanar da saurinsa, ƙafafunsa su ɗauki ƙarin nauyi na kusan kashi 65 cikin 100. Ma'anar wannan a fili take. Jikin wannan kare ba shi da abin da zai ce masa ya dakata. Ƙarfin da ke tura shi daga cinyoyi da gadon baya yake zuwa, ƙafafun gaba kuma sai dai su jure. Tun kafin wannan, a 1987, likitan fiɗa Kenneth Johnson ya nazarci karayar ƙashin nan na baya a karnukan tsere ya kasa ta gida biyar, aka kuma lura cewa mafi yawanta a ƙafar dama take faruwa. Dalili shi ne a filayen tsere hagu ake zagayawa kullum, saboda haka nauyi iri ɗaya ke sauka a wuri ɗaya sau dubbai. Da a ce tsautsayi ne kawai, da ya raba kansa daidai tsakanin dama da hagu. Raunin da ya zaɓi ƙafa ɗaya rauni ne da aikin ya haifar, kuma abin da aiki ya haifar mutum na da hannu a cikinsa.

Wannan duk a kan babban kare ne wanda ƙashinsa ya gama ƙwari. Matashi yana da wata matsalar a kan wannan. Dogayen ƙasusuwan kwikwiyo suna ƙara tsayi ne daga wani siririn faifan guringuntsi da ke kusa da bakin kowane ƙashi, kuma wannan faifan girma ya fi ƙashi da jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni. Bugun da zai sa babban kare targaɗe, a kwikwiyo faifan yake samu. Likitoci biyu na Toronto, Robert Salter da Robert Harris, sun tsara ire-iren wannan rauni a yara tun 1963, kuma tsarinsu ne likitocin dabbobi ke amfani da shi har yau. A ƙafar gaba ta kare, ƙasusuwa biyu ne suka sauko jere daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, babba da siriri, kuma faifan girmansu na ƙasa yana daidai saman gaɓar da muke magana. Na siririn ƙashin yana da siffar mazurari, ga shi kuma shi ke samar da kusan kashi 85 cikin 100 na tsayin ƙashin. Saboda siffarsa, bugu daga gefe yakan matse shi ya murƙushe, sai ya rufe kafin lokacinsa. Siririn ƙashin ya tsaya, babban kuma ya ci gaba da girma, amma an ɗaure su tare, kamar igiyar baka da sandarta. Sai ƙafar ta fara gantsarewa, dagin ya karkata waje. Abin takaicin shi ne ba a ganin wannan a ranar da aka ji ciwon. Kwikwiyo zai yi ɗingishi kwana biyu ya daina, hoton ƙashi ma na iya nuna lafiya lau, sai bayan makonni uku ko huɗu a ga ƙafa tana bauɗewa. Waɗannan faya-faye ba su cika rufewa ba sai kare ya kai wata 9 zuwa 12, a dogayen karnuka ma yakan ɗan wuce haka.

A nan tarkon yake. Karen wata takwas ya riga ya yi tsayin uwarsa, gudunsa ya kusa na manya, zuciyarsa kuwa ta fi ta manya zafi, domin bai taɓa faɗuwa ba balle ya san darajar taka-tsantsan. Mai shi yana kallonsa yana ganin cikakken kare. Hukumomin da ke da alhakin tsere sun daɗe da gane wannan ruɗi, shi ya sa suka sa doka maimakon su bar wa idon mai kare hukunci. A Birtaniya ba a yarda Greyhound ya shiga tsere ba sai ya cika wata 15, a Ostareliya wata 16, a Amurka kuma ƙungiyoyin da ke shirya gasar bin zomon roba ba sa karɓar karen da bai shekara ba. Kuma wannan sani ba na zamanin hoton ƙashi ba ne. Arriyan, marubucin Girka da ya yi wa daular Rum gwamna a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, ya rubuta littafi a kan farautar zomo da karnuka masu gudu, inda ya ba da shawarar a fitar da karya bayan ta kai wata 11, namiji kuwa a jira shi har shekara biyu, don gaɓoɓinsa ba su gama haɗuwa ba. Mutumin da bai taɓa jin labarin faifan girma ba ya kai ga hukuncin da masu na'ura suka kai, ta hanyar kallon karnukan da suka lalace.

Mai musu zai ce, ai kwikwiyo ko ba a kai shi farauta ba yana tsere da 'yan'uwansa a tsakar gida, yana tsalle yana faɗuwa, me ya bambanta wannan da wancan? Bambancin yana da girma. Kwikwiyon da ke wasa shi ke zaɓar saurinsa, ya yi daƙiƙa goma ya tsaya, ya kwanta idan ya gaji, a ƙasar da ya sani. Wanda ke bin zomo kuwa zomo ne ke zaɓar masa inda zai juya da lokacin da zai juya, kuma ba zai tsaya ba ko da tsokarsa ta gaji. Gajiyar nan ita ce mabuɗin lamarin, domin tsokar damtse ce ke taya jijiyoyi riƙe gaɓar. Idan ta gaji, gaɓar takan ƙara nutsewa a kowane taku, nauyin duka ya koma kan jijiyoyi da ƙashin nan na bayan gaɓar. Shi ya sa mafarauta da yawa kan lura cewa ciwon bai cika zuwa a gudun farko ba, sai a na uku ko na huɗu.

Akwai wani musun da ya fi wannan ƙarfi, kuma yana da gaskiya a cikinsa. Ana cewa ƙashi da jijiya ba sa ƙwari sai an ɗora musu nauyi, don haka kwikwiyon da aka killace aka hana shi motsi shi ne zai fi saurin karyewa ranar da aka sake shi. Haka ne. Tun 1892 likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana sake gina kansa daidai da nauyin da yake ɗauka, kuma an gani a karnukan tsere cewa ƙasusuwan da suka fi shan nauyi a kwana sun fi takwarorinsu na ɗaya ƙafar kauri. Wanda ya ɗaure kwikwiyo a turke shekara guda da sunan kare masa gaɓa ya cuce shi. Amma wannan hujja, idan aka bi ta har ƙarshe, tana goyon bayan haƙuri ne. Ginin da ƙashi ke yi a hankali yake tafiya: nauyi ya jawo 'yan tsage-tsage da ido ba ya gani, jiki ya kwashe ɓangaren da ya tsage ya zuba sabo, kuma tsakanin kwashewa da zubawa akwai makonnin da ƙashin ya fi da rauni. Idan aka ba shi hutu, sai ya fito da ƙarfin da ya fi na da. Idan aka ci gaba da lafta masa, tsage-tsagen su haɗu su zama karaya. Huhu da tsoka kuma sun fi ƙashi da jijiya saurin sabawa da aiki, saboda haka karen zai ji yana da ƙarfin ci gaba tun gaɓarsa ba ta shirya ba. Abin da hujjar ke nema shi ne tafiya mai nisa a kan igiya, da sassarfa a bayan keke ko jaki, da wasa a fili mai laushi, da gajeren gudu a miƙe wanda ake ƙara masa tsawo kaɗan-kaɗan. Ba ta ce a saki ɗan wata takwas a bayan zomo ba.

Mafarauci na iya cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, karen da bai koyi farauta da ƙuruciya ba ba zai taɓa koya ba. Sai dai a nan an haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Abin da ake koya wa kare da ƙuruciya shi ne ya amsa kira, ya bi mai shi, ya saba da daji da ƙarar ganga da taron karnuka, ya daina bin awaki da kaji, ya kawo abin da ya kama ba tare da ya yayyaga ba, ya iya tsallake ƙaya da kwazazzabo cikin natsuwa. Duk wannan ana yinsa a tafiya, a kan igiya, kuma ya kamata a fara shi da wuri. Bin abu mai gudu kuwa a jininsa yake. Saluƙin da bai taɓa ganin zomo ba sai da ya shekara biyu, ranar da ya gani zai bi. Hasali ma masu Lurcher a Ingila sun daɗe suna gargaɗin juna cewa matashin karen da aka yi ta sakinsa a kan abin da ya fi ƙarfinsa yakan karaya a zuci, ya koyi haushi a bayan abin farauta ko ya riƙa janyewa tun ba a je ko'ina ba. Jinkiri na 'yan watanni ba ya rage wa kare komai daga sha'awarsa.

Ƙasar da ake gudu a kanta ita ma tana da kaso babba, kuma a nan ne darasin ƙetare ya fi shafarmu. A Ingila da Wales, tun da dokar 2004 ta hana bin zomon fili da karnuka, har gasar Kofin Waterloo da aka fara a 1836 ta tsaya a 2005, aikin da ya rage wa yawancin karnukan shi ne kama zomon rami da izinin mai gona, sau da yawa da dare da fitila. Abin da masu karnuka a can ke tsoro shi ne ƙasar da sanyi ya daskarar, ko wadda ta bushe a ƙarshen bazararsu, ko gona mai duwatsu masu kaifi, kuma mai hankali a cikinsu yakan jira ruwan sama ya tausasa ƙasa kafin ya fitar da matashin kare. Mu kuwa lokacin farautarmu shi ne bayan kaka, cikin hunturu da rani, daidai lokacin da ƙasa ta fi tauri a shekara. Ka dubi gonar dawa a watan Janairu: kunyoyi sun bushe sun zama kamar tubali, tushiyar kara ta tsaya tsaye da kaifinta, ga ramukan gafiya da ɓera, ga fako da marmara inda ƙafa ba ta da abin da zai sassauta mata faɗuwa. Karen da ya zo da cikakken gudu ya taka gefen kunya, rabin daginsa a sama rabi a kwari, gaɓar za ta murɗe ne a daidai lokacin da take ɗauke da jikin duka. Za a ce ai karnukan ƙauye da na Buzaye haka suke tashi tun kaka da kakanni, kuma ga su nan suna gudu. Amma waɗanda ake gani a fagen farauta su ne waɗanda suka tsira. Wanda ƙafarsa ta gantsare yana da wata goma ba ya cikin ayarin, yana can bayan gari yana bin juji, ko ya riga ya mutu, kuma babu mai lissafa shi. Sannan karen da ke bin garke a rairayin Azawak yana yin tafiyar kilomitoci kowace rana tun yana ƙarami, wato yana samun irin horon nan na sannu-sannu da aka ambata, abin da karen da ke ɗaure a gida duk mako sai ranar farauta ba ya samu.

Abinci ma yana shiga ciki, ta fuska biyu masu karo da juna. Kwikwiyon da aka raina da tuwo da ƙanzo zalla, ko ma da tsokar nama zalla, ba ya samun isasshen kalsiyam. Nama yana da fosfaras mai yawa da kalsiyam kaɗan, sai jiki ya riƙa zare abin da yake buƙata daga ƙashi, ƙashin ya zama kamar kara. A ɗaya gefen, binciken da Herman Hazewinkel ya yi a Jami'ar Utrecht ta Holan a shekarun 1980 ya nuna cewa cusa wa kwikwiyon babban iri kalsiyam fiye da kima yana ɓata girman guringuntsi da ƙashi. Akwai kuma wani laushin wuyan hannu da ake gani a 'yan kwikwiyo na wata biyu zuwa uku, gaɓar ta durƙushe gaba ko ta kwanta baya ba tare da wani bugu ba. Wannan yawanci yakan gyaru da kansa cikin 'yan makonni idan aka daidaita abinci aka kuma cire kwikwiyon daga siminti mai santsi, kuma bai kamata a rikita shi da raunin gudu ba.

Gaggawa ta biyu ta fi ta farko ɓarna, domin ita ce ke mayar da ƙaramin ciwo naƙasa. Targaɗe hawa uku ne: jijiya ta miƙe, ko ta tsinke rabi, ko ta tsinke gaba ɗaya. A hawa na farko da na biyu kumburi yakan sauka ɗingishi ya ɓace cikin mako guda, alhali jijiyar da ta yage tana buƙatar makonni shida ko fiye kafin ta haɗu, da watanni kafin ta dawo da ƙarfinta, saboda jini kaɗan ne ke kai mata. Kare kuwa da ya ga zomo ya manta da ciwo. Mai shi ya gan shi yana tsalle a gida, ya ce ya warke, ya fitar da shi ranar Asabar, abin da ya rage na jijiyar ya tsinke. Maganin kashe zafi yana ƙara dagula lamarin idan aka ba da shi don a samu fita daji, tunda zafin nan shi ne kaɗai birkin da ya rage wa karen. Magungunan mutane irin su ibuprofen da diclofenac kuwa guba ne ga kare, suna huda masa ciki su lalata ƙoda. Akwai na dabbobi irin su meloxicam da likita ke bayarwa da awo, tare da hutu, ba a madadin hutu ba.

Idan faifan guringuntsin nan na tafin ƙafa da jijiyoyinsa suka tsinke gaba ɗaya, gaɓar takan zube, karen ya riƙa taka ƙasa da wuyan hannunsa kamar mai tafiya da tafin hannu. Wannan rauni ba ya jin ɗauri. Za a iya sa filasta wata biyu, a cire a ga ƙafa ta miƙe, bayan 'yan kwanaki ta sake kwanciya, domin tabon da ya cike gurbin ba ya iya riƙe nauyin. Maganin da likitocin fiɗa suka dogara da shi shi ne a kankare guringuntsin gaɓar a haɗe ƙasusuwan da farantin ƙarfe su zama ƙashi guda. Binciken da aka yi a Niyu Zilan a kan karnukan kiwo da aka yi wa wannan aiki ya nuna yawancinsu sun koma bakin aikinsu, amma karen tumaki dabam, mai bin zomo dabam. Gaɓar da ba ta lanƙwasa ba za ta sake shan kwana a kilomita sittin ba. Karayar ƙashin nan na bayan gaɓar ita ma ta fi warkewa idan aka ɗaure gutsuren da ƙaramar kusa tun da wuri. Duk wannan ba a rarrabe shi da ido, sai da hoton ƙashi, wani lokaci ma sai an lanƙwasa gaɓar ana ɗauka kafin a ga inda ta saki. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna duba irin wannan. Masu ɗori na gargajiya suna da gwanintarsu a karayar dogon ƙashi, amma ƙafar irin wannan kare fata ce a kan ƙashi, babu naman da zai kare jijiyoyin jini, kuma karan da aka ɗaure da ƙarfi zai iya kashe dagin cikin kwana biyu. Idan yatsu suka kumbura suka rabu da juna, ko suka yi sanyi, ko wari ya fara fita, a kwance ɗaurin nan take.

Musun da ya fi nauyi shi ne na talauci. Mafaraucin da ke ciyar da kare daga tukunyar iyalinsa zai ce ba shi da halin kiwon bakin da ba ya kawo komai har wata goma sha biyar, balle kuɗin fiɗa. Wannan magana ce ta gaskiya, ba a kuma amsa ta da faɗa. Amma lissafin da kansa yana tare da jira. Karen da ya tashi lafiya zai iya yin kaka shida ko bakwai yana aiki. Wanda aka saka da wuri an ci ribar wata huɗu ko biyar a kansa, a lokacin da ma bai iya kamu sosai ba, an kuma jefa duk sauran shekarun cikin caca. Mai kuɗi a Dubai ko Dabilin idan karensa ya lalace zai kai shi a sa masa ƙarfe ko ya sayi wani. Wanda ba shi da wannan hali shi ne ya fi kowa buƙatar kada raunin ya faru, kuma abubuwan da ke hana shi faruwa, wato jira da tafiyar horo da zaɓen ƙasa da hutu, ba a sayensu da kuɗi. Masu cewa jini ne suna da ɗan rabonsu na gaskiya, don akwai karnukan da aka haifa da miƙaƙƙen wuyan hannu wanda ba ya shanye faɗuwa, da waɗanda nasu ya cika laushi, kuma bai kamata a riƙa haɗa irin waɗannan ba. Sai dai kyakkyawan jini ba ya sa faifan girma ya rufe da wuri. Sau da yawa ma kwikwiyon da ya fi 'yan'uwansa gudu shi ne ya fi shiga haɗari, domin shi ake ɗokin gwadawa. Shari'a ta halatta abin da kare mai horo ya kamo, kamar yadda ya zo a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, kuma dabbar da aka halatta wa mutum cin guminta tana da haƙƙi a wuyansa.

Mafi yawan abin da ke ceton gaɓar ana yinsa ne washegarin farauta, da sassafe, kafin kare ya motsa jikinsa ya yi ɗumi, domin a lokacin ne ciwon da ya ɓuya jiya yake fitowa. A tsayar da shi a wuri mai shimfiɗe a kalli ƙafafun biyu ta gaba da ta gefe, a ga ko ɗaya ta fi ɗaya nutsewa ko ta karkata. A shafa bayan hannu a kan gaɓoɓin biyu a ji ko ɗaya ta fi zafi, a lalubi ƙashin nan na baya da yatsa biyu a ji ko akwai kumburi a gindinsa. Sannan a ɗaga ƙafar a naɗe ta a hankali: a lafiyayyen kare tafin dagin yakan kusa taɓa bayan damtse ba tare da ya damu ba. Idan ta tsaya a rabin hanya, ko karen ya janye ya waiwayo da baki, to wannan kare ba na daji ba ne a makon nan. A sa masa ruwan sanyi a wurin na minti goma sau biyu ko uku a rana, a hana shi tsalle da gudu, fitarsa ta zama a kan igiya kawai. Idan kwana uku suka wuce kumburin bai sauka ba, ko ya ƙi ɗora ƙafar a ƙasa tun farko, sai a nemi likita. Idan kuwa bai kai shekara ba, ko da ɗingishin ya wuce, a ci gaba da jera ƙafafun biyu ana gwada su kowane mako har wata guda, domin karkatar da aka gano a makonninta na farko ita ce likita ke iya gyarawa tun ƙashin yana girma.